Kafin Ki Kama Hayar Sito, Sa'adatu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sa'adatu, autata,

Ina gaishe ki da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da surukanki da duk waɗanda kuke kwana kuke tashi tare a Gezawa. Allah ya sa kin shiga gidan nan a sa'a, ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya haɗa kanku, ya kau da idon mahassada daga kanku. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Babanku yana gaishe ki.

Ba labarin gari zan ba ki ba, wannan kina samu a waya. Tambayar da kika yi mini shekaranjiya ce ta sa na nemi biro. Lokacin da kika kira ina kan suyar ƙuli, mai yana tafasa, na ce miki to, to, kawai, na san kuma ba ki gamsu ba. Kin ce sana'ar da kika fara a tsakar gidan nan bayan kin gama sakandare, garin kunu da yaji da kuka da garin ɗanwake da kike ƙullawa a leda kina tallatawa a waya, ta fi ƙarfin ciki da falon da aka kai ki. Kin ce tun kafin ragowar kayanki su iso daga nan, kujera ɗaya ta riga ta zama ta buhuna. Wata maƙwabciya ta yi miki tayin ɗaki kyauta, maigidanki kuma ya ga wani babban shago kusa da tasha, ke kuwa zuciyarki ta fi son ki bar komai a gabanki inda kike ganinsa.

Na yi murna da wannan damuwar taki, domin damuwa ce ta wanda Allah ya buɗa wa. Amma duk hanyoyin nan da kika lissafa babu wadda ban bi ba, kuma babu wadda ban yi tuntuɓe a kanta ba. Magana a waya tana wucewa, shi ya sa na ga gara in rubuta, ki karanta a nutse.

Lokacin da aka kawo ni gidan babanku, da 'yan tiyoyin gyaɗa na fara. In soya, in kai markaɗe, in matse mai, in yi ƙuli da tunkuzar. Kwarya ɗaya da tulu ɗaya sun ishe ni ajiya. Da Allah ya sa man nawa ya karɓu, mata suka fara aikowa daga unguwannin nesa, sai na gane in na sayi gyaɗa da kaka na ajiye, na huta da tsadar bazara. Buhu na farko na tura ƙarƙashin gado. Na biyu ya bi shi. Da ƙarƙashin gado ya cika, na jera a bayan ƙofa, daga nan na jingina da bango, har ta kai in za a hau gado sai an taka buhu. Rumbun da ke tsakar gida na hatsin ci ne, na babanku, ban isa in zuba kayan sana'a a ciki ba, ban ma tambaya ba.

Ni ban ga laifin abin ba, domin kullum na buɗe ido na ga buhunan nan sai raina ya yi fari. Ɓeraye suka tare a ɗakin, suka cinye mini zannuwan aurena guda biyu, na ce ba komai. Kayan sawarmu duk suka ɗauki ƙamshin mai, babanku ya je sallar Juma'a da riga tana ƙamshin ƙuli, abokansa suna tsokanarsa, ya dawo ya faɗa mini yana dariya, ni ma na yi dariya.

Ranar da dariya ta ƙare, ya dawo daga gona da rana tsaka, ya shigo zai ci abinci kamar yadda ya saba. Ya tsaya a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa yana neman inda zai shimfiɗa buzu. Babu. Ya dube ni ya ce, "Hajara, ni ina ne wurina a ɗakin nan?"

Bai ɗaga murya ba, kin san halinsa. Ya ɗauki kwanonsa ya koma zaure, kuma daga ranar a zaure ya riƙa cin abinci. Hirar da muke yi in yana ci ina yi masa fifita, wadda a cikinta nake jin abin da ke damunsa shi ma ya ji nawa, ta mutu ba tare da wani ya yi faɗa da wani ba. Na daɗe ban gane abin da na yi asara ba, domin ribar gyaɗa tana shigowa.

To ke amarya ce, Sa'adatu. Falon nan shi ne inda mijinki zai zauna in ya dawo, inda 'yan'uwansa za su zo su ga irin matar da aka kawo musu. Mutumin kirki ne, ba zai ce miki komai ba, zai dai riƙa matsawa kaɗan kaɗan har ki neme shi ki tarar ya saba da zaman waje. Ki zauna da shi ku yanke wurin da kaya za su tsaya, kusurwa ɗaya ko kabad ɗaya, in sun wuce nan ki san lokacin neman wani wuri ya yi. Kada ki jira sai ya tambaye ki irin tambayar da aka yi mini.

Da na farga, sai na tafi wurin Yaya Tabawa, yayata da kika sani, wadda ke aure a bayan masallaci. Tana da wani ɗakin soro da babu kowa a ciki tun rasuwar surukarta. Ban gama rufe baki ba ta ce in kawo, me ya raba mu. Na yi ta godiya, aka ɗauko amalanke aka kwashe buhunan. Rani ne a lokacin, ɗakin a bushe ƙamas, sanyi mai daɗi. Ban ɗaga kai na dubi azara ba, ban duba gindin bango ba. Na sa aka jibge buhunan a kan daɓen ƙasa kai tsaye, manne da bango, don su ɗauki wuri kaɗan. Maganar makulli kuwa kunya ta hana ni tayarwa. Yaya za ki ce wa yayarki za ki sa kwaɗo a ɗakin gidanta?

Tun kafin damina na fara ganin bakin buhu a kwance. Yaran gidan suna ɗiban na ɓarawa, ba da mugunta ba, gyaɗar ƙanwar innarsu ce. Na gani na haɗiye, amma abin yana cina a ciki, har na fara rage zuwa gidan don kada fuskata ta nuna. Rage zuwan nan shi ya kashe ni. Ruwa ya sauka, aka yi ta yi, ni ina gida ina aiki da ragowar da ke hannuna. Ranar da na je ɗauko buhu, ina buɗe ƙofa wari ya tare ni. Indararon soron ya toshe, ruwa ya kwanta a sama ya riƙa bin bango. Buhunan da ke jingine sun jiƙe sun yi fumfuna, na ƙasa kuma gara ta huda su ta yi gini a ciki. Na sa hannu na damƙo gyaɗa ta marmashe, kore da baƙi.

Nan bakina ya suɓuce. Na ce wa Yaya Tabawa da ta leƙa ko sau ɗaya da ba a kai ga haka ba. Tana tsaye da muciya a hannu ta ce, "Ɗaki na ba ki, Hajara, ban ce zan yi miki gadi ba."

Gaskiya ta faɗa, amma a ranar ban ji ta a gaskiya ba. Na kwashe abin da ya tsira na tafi ko sallama ban yi ba. Mu da muka tashi a kan tabarma ɗaya, muka koma gaisuwar hanya. Aka yi ƙaramar salla ban aika mata da tuwo ba, ita ma ba ta aiko ba. Sai da na haifi yayanki na biyu, ina kwance na ji muryarta a tsakar gida tana faɗa da masu dafa ruwan wanka cewa bai yi zafi ba. Ta shigo ta ɗauki jariri, ta zauna a bakin gado kamar jiya muka rabu. Ni na fara kuka, ita kuwa ta ce in yi shiru kada nono ya ɗauke. Haka muka shirya, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa, sai da zuciya ta raya mini in wanke ta in shanya in matse, ai wuta za ta kashe komai. Babanku ya ce in da gaske nake, to in fara soya wa yaran gidan nan da man. Ban iya ba. Ya haƙa rami a bayan gida muka binne, ko awaki ba mu bai wa ba. Ki riƙe wannan: abin da ba za ki iya ci ba, kada ki ƙulla shi a leda da sunanki.

Ban ce maƙwabciyarki tana da wata manufa ba, ƙila ma ta fi Yaya Tabawa kirki. Amma ɗakin kyauta yana ɗaure baki. Ba ki iya cewa a gyara rufi, ba ki iya cewa a hana yara shiga, kuma ranar da ɗanta zai yi aure za a ce ki kwashe a lokacin da ba ki shirya ba. In kin ga ɗakin ya yi miki, ki roƙe ta ta karɓi wani abu ko yaya yake, a gaban mazajenku, a faɗi wa ke riƙe makulli da wa zai gyara in ya yi yoyo. Kunyar minti ɗaya ce, ta fi gabar shekara. Kuma duk ɗakin da za ki duba, ki fara da sama. Ki nemi sawun ruwa a bango, yana nan kamar zane ko da rani ne. Ki duba gindin bango ko akwai hanyar gara ko ramin ɓera. Ki rufe ƙofa ki tsaya a ciki, inda haske ya shigo ta rufi, nan ruwa zai shigo. In da hali ki koma bayan an yi ruwa ki shaƙi iskar ɗakin. Hanci ba ya yi wa mutum ƙarya a kan danshi.

Abin da zan faɗa miki yanzu kin san rabinsa, domin an sha ba ki labarin ciwon da kika yi kina ƙarama. Ba a dai gaya miki dalilinsa ba sosai.

Bayan abin da ya faru a gidan Yaya Tabawa na dawo da kayana gida, na zuba a ɗan ɗakin nan da ke jikin ɗakin yara, wanda yanzu muke ajiye itace. Shekaru suka wuce lafiya. Sai na ƙara da wake, domin na ga masu ajiye shi suna samu. Wake kuwa ƙwari ba sa barinsa. Wani mai sayar da magani a kasuwa ya ba ni wata ƙwaya, ya ce in naɗe a tsumma in cusa cikin buhu in ɗaure, ko ƙwaro ɗaya ba zai rayu ba. Bai ce mini komai game da mutane ba, ni ma ban tambaya ba. Na sa a kowane buhu, na ƙara da wasu a tsakani don in tabbata, na ja ƙofa. Bangon da ya raba ɗakin da naku bai kai rufi ba, akwai rata a sama da hannu zai iya wucewa. Kullum ina ganin ratar nan, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Yayyenki a lokacin sun tafi hutu wurin kakarku, ke kaɗai kika kwana a ɗakin tare da ni, ni a bakin ƙofa inda iska ke shigowa, ke a can ciki jikin bango. Da safe na tashi da ciwon kai, na ɗauka gajiya ce. Na tashe ki ki sha koko, kika ɗaga kai kika yi amai, kika koma kika kwanta, jikinki ya saki kamar tsumma. Na fito neman babanku, sai na ga kazata da 'ya'yanta, waɗanda suka saba kwana a bakin ɗakin waken, a mace a jere. Ko a lokacin ban haɗa abin ba.

Babanku ya ari babur, na goya ki, muka nufi asibiti a Minjibir. Duk hanya ina kiran sunanki, wani lokaci ki amsa wani lokaci ki yi shiru. Ma'aikaciyar da ta karɓe ki ta yi ta tambaya, me kika ci, me kika sha, ina amsawa. Can ta ce, "Me kuke ajiyewa kusa da inda take kwana?" Da na ce wake, ta tambaya ko an sa masa magani. Na zauna a ƙasa a wurin.

Allah ya yi da sauran kwananki. Aka sa miki ruwa, aka riƙe mu 'yan kwanaki, ranar da kika buɗe ido kika ce kina son ƙosai na fita da gudu ba mayafi. Babanku bai taɓa ce mini ni na jawo ba, ko sau ɗaya, har yau. Da muka dawo ya fitar da buhunan da kansa zuwa bayan gari, ya bar ɗakunan a buɗe, muka koma kwana a rumfa har warin ya fita.

Duk sauran asarar da na yi a sana'a, in na tuna dariya nake yi. Wannan kaɗai ce har yanzu in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna. Don haka ina roƙonki, ba shawara ba ce wannan, roƙo ne: kada maganin ƙwari ya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da mutum, kuma kada ya kusanci abin da za a ci, balle naki da gari ne, ba a wanke shi. Yanzu Allah ya kawo sauƙi. Akwai buhun nan mai leda a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, akwai jarka da duro masu murfi. Ki shanya wakenki ya bushe sosai, har in kin ciza ya ce ƙas, ki zuba ki rufe ruf, ƙwarin za su mutu da kansu. Da buhun nan nake aiki shekara da shekaru ban sake sayen ƙwaya ba.

Tsoron da na ji ya sa na rantse kayan sana'a ba za su sake kwana a gidan nan ba. Na matsa wa babanku ya nemo mini wuri can nesa, ya samo wani shago a bakin titi, sabon gini, siminti sama da ƙasa, ƙofar ƙarfe. Ya ce mini ya yi girma. Na ce ai sana'a gaba take yi. Da aka jera kayana duka, ko rabin shagon ba su ci ba, in kin yi magana sai muryarki ta dawo miki.

Filin nan da ya rage shi ya riƙa damuna. Kullum na tuna ina biyan haya a kan iska sai in ji ba daɗi. Da kakar albasa ta zo, na ga tana araha, na ce bari in cike wurin da ita. Ban taɓa ajiye albasa ba, ban san tana son rumfa mai iska da shimfiɗa a baje ba. Na sa aka jibge ta a buhu a cikin shagon da ba shi da taga, rufin kwano ba silin, bazara kuma ta shigo. Ga shi wurin da nisa, ni kuma ba mai fita kullum ba ce, sai in aika a ɗauko mini abin da nake so, wanda aka aika kuwa ba ruwansa da abin da ke bayan ƙofa. Sai da mai shagon ya aiko cewa maƙwabta suna ƙorafin wari. Na je na tarar albasa ta narke tana tsiyaya, ruwan ya bi ƙarƙashin buhunan gyaɗa, man da na ajiye a jarkoki kuma zafi ya sa ya sauya ɗanɗano, yana maƙaƙi a wuya.

Babanku ya tsaya a bakin ƙofa ya toshe hanci da hula, ya ce, "Da kin kama ɗaki saboda kaya, yanzu kuma kina sayen kaya saboda ɗaki." Na so in ji haushi, dariya ta ci ƙarfina. Muka kwashe da shebur.

Shi ya sa shagon tashar nan da aka gano miki nake so ki yi masa kallo biyu. Ki auna wuri da kayan da kike da su yau, ki ƙara kaɗan saboda gobe, ba da kayan da kike mafarkin samu ba. In sana'a ta ƙara girma, wani ɗakin bai ƙare a duniya ba. Kuma wurin da ba za ki iya leƙawa da ƙafarki a kai a kai ba, ba naki ba ne ko da ke ke biyan haya. Kaya suna son idon mai su.

Bayan albasa na zauna na rasa inda zan nufa, gida na ji tsoro, waje na sha kashi. Babanku ne ya kira ni bayan gida, inda turken jakinsa yake da kafin ya sayar, ya ce ga wuri, ba ya jikin ɗakin kowa, kuma taku kaɗan ne daga murhuna. Ba a rana ɗaya muka gina ba. In na samu sarari in sayi bulo in ajiye, har suka taru. Wannan karon ni na tsaya a kan magini, duk abin da ya taɓa cutata na faɗa masa. Aka ɗaga daɓen sama da tsakar gida. Aka fitar da ƙananan tagogi biyu a can sama suna kallon juna, aka sa musu raga. Aka shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwano saboda zafi. Kafinta ya buga mini katakai a ƙasa don kada buhu ya taɓa siminti, na kuma bar rata tsakanin buhu da bango yadda kyanwa za ta iya zagayawa. Yaya Tabawa ta turo 'ya'yanta suka yi ta jido ruwan gini, ita kuma ta zo ta zauna a inuwa tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Shi ne siton da kika tashi kika gani, wanda kike ɗauka tun asali yana nan.

Ranar da zan shigar da kaya na gano wani abu da ya ba ni kunya. Da na baje komai a tsakar gida, sai na ga kusan rabin abin da nake ta nema wa wuri ba kayan sayarwa ba ne. Tsofaffin galan da suka huje, buhuna yagaggu da nake cewa zan ɗinke, tukwanen da suka tsage, kwanon awo da ya lotse. Shekaru ina yawo da su daga ɗaki zuwa ɗaki. Na bai wa masu gwangwan abin da za su karɓa, na ƙone sauran. Kafin ki je neman ƙarin wuri, ki fara yin wannan. Sannan ki dubi bango. Mu mata mun saba da jera kaya a ƙasa, alhali daga kafaɗarki zuwa rufi duk fili ne. Kayanki marasa nauyi ne, kanta mai hawa huɗu za ta ɗauke abin da ya cika falo.

Sauran ƙananan abubuwa kin gan ni ina yi, amma gani daban, a faɗa maka daban. Sabon kaya a baya, tsoho a gaba, don kada wani ya tsufa a lungu. Yaji da daddawa kada su haɗa kanta da garin kunu, gari yana shan wari kamar yadda auduga ke shan ruwa, mai saye kuma ba za ta gaya miki ba, za ta daina kira ne kawai. Sabulu da kananzir kada su shiga wurin sam. Kuma ke a gari mai kasuwa kike yanzu, ba dole ne ki tara na shekara ba kamar mu.

In kin tambaye ni abin da zan yi da ni ce ke, zan bar ɗanyen kaya a nan, gyaɗa da wake da gero, a sitona, in an kwashe ragowar kayanki wuri zai samu. Duk ranar kasuwa motocin garin nan suna zuwa Gezawa, sai mu ɗora miki abin da kike buƙata. Can kuma ki nemi ƙaramin ɗaki busasshe a unguwarku, na haya, mai makulli a hannunki, don gari da ledoji da abin da kika riga kika ƙulla. Amma wannan ganina ne daga nan, ban ga ɗakunan ba. Ku je ku duba tare da maigidanki, ki saurari abin da zai ce, ki yi istihara. Kin fi ni ilimi, kin san hanyoyin ciniki da ban sani ba, ni ban taɓa sayar wa mutumin da ban ga fuskarsa ba. In ma kin yi kuskure, ba ƙarshen duniya ba ne. Ni da na yi duk waɗannan, ga ni nan, sana'ar nan ta aurar da ku, ta kai ni Makka, kuma har yau in na buɗe ƙofar sito na ji ƙamshin busasshiyar gyaɗa sai na gode wa Allah.

Bari in ƙare da abin da ya faru jiya. Gyaɗar bana ta yi kyau, na saya fiye da yadda na yi niyya, buhu uku suka rasa wuri har sai an kwashe naki. Ina tsaye a tsakar gida ina tunani, sai idona ya faɗa kan ɗakinki. Na tura ƙofa na shiga. Kin san idon mai sana'a, nan take na fara aunawa, nan zai ci buhu kaza, can zai ci kaza, ga shi ba ya yoyo, ga siminti. A karo na farko a rayuwata ga ɗaki a gidana, busasshe, babu kowa, ba sai na roƙi kowa ba. Sai na ga ƙusar da kike rataye hijabinki, da tabon lalle a bakin taga. Na daɗe a tsaye. Daga baya na ɗauko tsintsiya na share, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na fito na ja ƙofar. Buhunan suna rumfa, na rufe su da tamfol, za su iya jira. Babanku yana kallona daga inda yake alwala, da yamma kuma na ga ya gyara sakatar tagar da ta daɗe da lalacewa. Duk ranar da maigidanki ya ba ki izinin zuwa, ɗakinki yana nan.

Allah ya yi miki albarka, Sa'adatu. Ya sa wa sana'arki albarka, ya tsare ki daga asara da haram, ya kare ku daga wuta da ruwa da ɓarawo da ciwo. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya kai ki inda ban kai ba. Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki da kyau. Ki riƙe salla a kan lokaci, kuma ki riƙa cin abinci, na san halinki in aiki ya yi yawa.

Wassalamu alaikum.

Innarki,
Hajara